Gidan Kaina ko 'Yar Ƙofar Inna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin don girman Allah a sakaya sunana, ƙannena suna cikin nan kuma ba na son a gane gidanmu. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi, abinci ma sai dai in tura don dole, a ofis sau biyu ana yi mani magana ina kallon bango.

Ni magidanci ne, ma'aikacin gwamnati a nan Katsina, mata ɗaya da yara huɗu. Tun da na yi aure haya nake yi, kuma duk wanda ya taɓa zaman haya ya san abin da nake nufi, yau ka zauna ka fara sabawa da masallacin unguwa, gobe mai gida ya ce zai aurar da ɗansa, ko ya ce zai yi gyara, gyaran da in an gama sai ka ga wani ya shiga da kuɗi ninki. Gidan da muke ciki yanzu a Kambarawa shi ne na biyar. Sif ɗin da aka kawo matata da shi, saboda yawan ɗaurewa da kwancewa a bayan a-kori-kura, yanzu da bulo muka tokare ƙafarsa ɗaya. Kuma shi ma wannan mai gidan ya aiko ejan da notis, wai ko in amince da ƙarin da ya yi ko in nemi wani wuri, ƙarin da ko shi ejan ɗin sai da ya sunkuyar da kai kafin ya faɗa.

Matata mace ce mai haƙuri, wannan ko a gaban kowa zan faɗa. Tana da wani dashen lemun tsami da ta shuka a bokitin fenti tun muna gidan haya na biyu, duk inda za mu tashi sai an saka shi a mota, ita ke rungume shi a gaba kamar jariri. Na sha yi mata tsiya, in ce wannan lemo naki ya fi ni yawon gari, ki dasa shi ki huta mana. Sai ta ce ba za ta dasa a ƙasar wani ba, ranar da muka samu namu ranar zai sauka. Lemon nan ya tsaya a tsugune, bai mutu ba bai girma ba, ko ɗa ɗaya bai taɓa yi ba.

To ana haka sai Allah ya kawo wani tsarin lamunin gida ta wajen aikinmu, na cika fom tun bara ban sa rai ba, kwatsam sunana ya fito. Gida ne mai ɗaki uku a wani sabon rukunin gidaje can bayan gari, za a riƙa cira daga albashi a hankali har in gama kafin ritaya. Don Allah kada kowa ya tsaya a kan maganar kuɗin ruwa, na riga na zauna da malamai, tsarin saye da sayarwa ne, hankalina ya kwanta ta nan. Matsalar ita ce kafin alƙalamin da suke so a fara ajiyewa, mai nauyi ne, kuma sun ce zuwa ƙarshen watan nan, wanda bai kawo ba a ba na bayansa. Na tambayi jami'in ko zan iya jira zagaye na gaba, ya yi dariya ya ce Malam da shekarunka da yadda siminti ke tashi, in wannan ta wuce ka to ka manta kawai. Kuma gaskiya ya faɗa, filin da na taya shekarun baya na ga ya yi tsada, yau kuɗin ko katangarsa ba za su zagaye ba.

Matata ta sayar da 'yan kunnenta da sarƙar aurenta, ta kwashi adashinta ta ba ni, na haɗa da ɗan abin da na tara, duk da haka ba mu kai rabi ba. Abin da ya rage kawai shi ne gidanmu na gado da ke cikin gari wajen Ƙofar Sauri. Tun rasuwar mahaifinmu ba a raba ba, saboda mahaifiyarmu, Inna, tana ciki. Mu uku ne, ni da ƙanena da ƙanwarmu da ke aure a Funtuwa. Da ma ƙanena ya daɗe yana ƙorafin a sayar ya samu jari, ni nake taka mashi burki, sai ga shi yau ni ne da kaina na kira dillali. Ba a yi sati ba ya kawo wani Alhaji da ya riga ya saye gidaje biyu na bakin titi, yana son ya haɗa da namu ya rushe ya yi filaza, wato rukunin shaguna. Ya yi tayi mai kyau ƙwarai, kasona kaɗai zai cike kafin alƙalamin har a yi ɗan fenti. Shirin shi ne Inna ta dawo wurina, na ma riga na zaɓar mata ɗakin da ke kusa da bayi saboda ƙafarta.

Na je na same ta da maganar ina ta kewaye-kewaye, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Gidan ubanku ne, ni mi gare ni ciki in ba tumunin takaba ba? Allah shi sa albarka. Amma abu guda, ba a saida gida a unguwar nan sai an hwara yi ma maƙwabci tayi. Ka tahi ka gaya ma ɗiyan Ladi."

A nan ne zan yi maku bayanin Baba Ladi, ba sunanta na gaskiya ba ne. Gidansu da namu baya da baya suke, ƙofar gidansu tana wani lungu tamu tana wani, in za ka zagaya ta waje sai ka yi tafiya ka tsallake kwata biyu. Amma a jikin katangar da ta raba mu akwai wata 'yar ƙofa, ko ƙyaure babu sai tsohon labule, irin wadda mutanen da suke fasawa don mata su riƙa shiga wurin juna ba sai sun fita titi ba. Inna da Baba Ladi kusan lokaci ɗaya aka kawo su amare, ta ƙofar nan suka yi rayuwarsu gaba ɗaya, aron gishiri, wankan jego, rabon tuwon sallah, kukan mutuwar mazajensu. Ni kaina na sha dukan Baba Ladi fiye da na Inna, in na yi laifi a gida na ruga ta ƙofar nan, can ma carbi ke jirana. Yanzu idon Baba Ladi ya tafi, sai dai ta ga haske-haske. Kullum da hantsi takan dafa bango ta lallaba ta shigo, Inna ta ɗiga mata maganin ido, su sha koko tare, su yi ta faɗa a kan wace ta fi wata tsufa har azahar. Ko jikokinta ba ta yarda su ɗiga mata maganin nan, wai hannunsu rawa yake yi.

Ni fa da na je yin tayin nan, wallahi tayin fatar baki na je yi, don in cika umarnin Inna in fita haƙƙin al'ada. Na san babban ɗanta, Malam Sani, ɗan shagon yadi gare shi a kasuwa, ina zai iya ja da mai filaza? Ya saurare ni, ya ce in ba shi kwana kaɗan. Na dawo gida har ina gaya wa matata ta fara ɗaure kaya. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Sai ga Malam Sani ya zo har ofis, ya ce sun zauna da 'yan'uwansa, sun sayar da gonarsu, sun haɗa abin da suka iya, suna so. Abin da suka kawo bai wuce kashi biyu cikin uku na tayin Alhaji ba. Sannan ya ƙara da maganar da ta hana ni sukuni har yau, ya ce, "In kun bar mamu, Inna ba inda za ta. Ta zamna ɗakinta har ranar da Allah ya yi nashi ikon, ko tsinke ba mu taɓawa. Ni dai tsohuwata nake ji, in aka raba su ban san yadda za ta yi ba."

Na zauna na buga lissafi ta kowace fuska, in muka karɓi nasu, kasona ba zai cike kafin alƙalamin ba, kuma giɓin ba ƙarami ba ne da zan ce in ranta wurin abokai, kowa yanzu da kansa yake ji. Na koma wurin masu lamunin na roƙi ko za su karɓi abin da ya samu in cike daga baya, suka ce layi ne a bayana. Na roƙi dillali ya tambayi Alhaji ko zai saya ya bar wa Inna ɗakinta na ɗan lokaci, ya ce mutumin da ya riga ya sauke yashi da rodi ne zan ce ya jira?

Daga nan gida ya rikice. Ƙanena ya kira ni ya wanke ni tas, ya ce shekara da shekaru ina hana shi haƙƙinsa da sunan tausayin Inna, yanzu da tawa buƙatar ta zo na kira dillali, kuma yanzu ina so in sa shi asara saboda labule da koko, in ni waliyyi ne in yi sadaka da kasona ban da nashi. Kuma akwai gaskiya a maganarsa. Ƙanwarmu kuma kuka take yi a waya, ta ce duk wanda ya fitar da Inna daga unguwar nan ya kai ta bayan gari inda kowa ya ja doguwar katanga ya sa waya a kai, to ya sani kabari ya kai ta da ranta. Matata ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ce ita ba za ta shiga tsakanina da mahaifiyata ba, kuma za ta riƙe Inna kamar uwar da ta haife ta, amma in tuna 'yarmu ta fari ta zama budurwa, har yau falo take kwana da ƙannenta maza. Sai ta ce, "Inna ƙofa za ta rasa. Ni ko katangar da za a fasa ƙofar ban taɓa samu ba." Tun ranar ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai in ga tana ba lemonta ruwa.

Ita kuwa Inna da na kai mata maganar tayin Malam Sani, cewa ta yi an fita haƙƙinsu tunda an yi masu tayi, in sayar wa mai filaza in sama wa jikokinta wurin zama, ita ta gama nata zamanin. Na ce Inna Baba Ladi fa? Ta ce in bar mata wannan. Ni kuma saboda son zuciya na ji daɗin amsar, na ce to shi ke nan, ta sauke mani nauyi.

Yau da hantsi na biya gidan kafin in wuce ofis, don in ce mata na yanke shawara za mu sa hannu da Alhaji. Ina shiga tsakar gida na ga labulen nan a ninke kan turmi, 'yar ƙofar kuma an toshe ta da sabon bulo, simintin ko bushewa bai yi ba. Ashe Inna da kanta ta aika aka kira magini da yammacin jiya, ta biya shi da kuɗin ƙullin daddawarta. Na ce Inna mene ne haka, ai ba a ma sayar ba? Ta ce, "Gara Ladi ta saba tun ina nan kusa. In ta saba da rashina ina bayan bango, ranar da na tahi ba za ta ji da yawa ba."

Ba ta rufe baki ba sai muka ji motsi ta can baya, tafin hannu yana shafa bulo, yana neman inda labule yake. Sai muryar Baba Ladi, ta yi sallama, ta sake yi, sannan ta kira Inna da sunanta ta ce, "Hajara, wai mi ya samu ƙohwar? Ko ni ce na ɓata hanya?" Inna tana zaune a kan tabarma, ga kofi biyu na koko a gabanta, don hannunta ya riga ya saba zuba biyu, ga kwalbar maganin idon a gefe. Ta sa gefen zane ta toshe bakinta, ta ɗaga mani hannu alamar kada in amsa. Tsohuwar nan ta daɗe tana ƙwanƙwasa bangon a hankali tana kiran sunanta. Ni da nake da 'ya budurwa, sai ga ni a zaure ina kuka kamar yaro, ofis ɗin da ban je ba ke nan.

Jama'a ga inda nake. In na sayar wa Alhaji, iyalina sun samu gida, ƙanena ya samu haƙƙinsa cikakke, Inna kuma da bakinta ta ce in yi, amma na ga abin da yardar tata take ci a jikinta. In na karɓi tayin Malam Sani, lamunin ya wuce ni, wataƙila har abada, in koma neman gidan haya na shida da matar da ta sayar da sarƙar aurenta saboda ta yarda da ni, ga rigimar ƙanena. Shin in uwa ta ce ta yafe alhali tana toshe baki da zane, ya halatta ɗa ya karɓa? Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko ya san wata hanya ta uku da idona ya rufe ban gani ba? Masu ilimi da iyaye mata na zauren nan, ku gaya mani gaskiya ko da za ta yi mani ɗaci, zagi ma na ɗauka.

Dillali ya kira ni sau uku yau ban ɗauka ba. Bulon nan har yanzu ɗanye ne, na taɓa shi da hannuna, ƙafa ɗaya zan sa ya zube. In je in ture shi, ko in je in sa hannu?