A Ƙirga Ni a Gida

Zuwa ga Yaya Dabo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna?

Saƙonka ya iso, cewa 'yan garinmu da ke Katsina mu dawo gida idan an sa ranar ƙidaya. Na tambayi Malam Ashraf, wanda muke wa gini a Ƙofar Kaura. Ya ce gaskiyarka, da yawan mutanen da aka ƙirga ake shata iyakar mazaɓu. Idan muka yi kaɗan, ana iya haɗe mu da wasu, mu rasa kansila.

Mu goma sha ɗaya ne a nan, uku kaɗai suka amsa za su zo. Ban ga laifin sauran ba, duk wanda ya tafi wani za a sa a gurbinsa.

Ni lafiya lau, bayana ne dai ke ɗan damuna in na ɗauki bulo. Kada ka gaya wa Inna. Zan zo ko da zan rasa aikin. Shekara tara ina kwana a shagon mutane, ba zan yarda a rubuta nan ne gidana ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Salisu