Akwatin Sifikar Baba Jita: A Tsaye Ko A Kwance

Salama gare ku 'yan uwa na wannan zaure, Musulminku da Kiristanku. Admin don Allah ka ɓoye sunana, ko harafin farko kada ka sa, domin a unguwarmu gane mutum ba wuya. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri idan kun ga maganar kamar ba ta kai a kawo nan ba, maganar akwatin sifika ce, ko a tsayar da shi ko a kwantar da shi. Ni ma da a ce wata ce ta kawo mini ita a da, da na ce ta je ta nemi abin yi.

Ni matar aure ce, a unguwar Trikania muke zaune, ba ni da aiki sai na gida da zumuntar mata a cocinmu. Maigidana shi ke kaɗa jita a coci tun kafin ya aure ni, a can ma na fara ganinsa. Ya daɗe yana aiki a masaƙa a Kakuri, a ɗakin injinan saƙa, inda ya ce saboda ƙara da hannu suke magana da juna. Da aka rufe masaƙar ya gwada acaba, ya gwada gadi, yanzu yana zama ne a shagon wani ɗan garinsu. Komai ya canja masa ban da jitar nan. Yara da manya Baba Jita suke ce masa, akwai waɗanda ba su ma san sunansa na gaskiya ba.

Akwatin da sautin jitarsa ke fita ta ciki baƙi ne, dogo, sifika biyu ne a cikinsa. Tun da aka saye shi a kwance yake a gefen bagade, wato wuri mai tsarki na gaban coci, sifikun suna jere kusa da ƙasa. A haka sautin yana da nauyi da taushi, yana bin daɓe ya shiga ƙarƙashin benci, a ƙirji ma kake fara jinsa kafin kunne. Ba wanda ya taɓa lura da akwatin, kamar yadda ba a lura da kujera. Sai wata Lahadi bara muka shiga muka tarar da shi a tsaye, sifika ɗaya a kan ɗaya, ta saman tana daidai kafaɗarsa idan ya zauna. Daga ranar sautin ya canja, ya zama siriri mai kaifi, yana tafiya kai tsaye daidai kan masu zama a bencin gaba, kuma a nan tsofaffin mata suke zama. Makirfon mawaƙa ma sai ya riƙa kama shi yana kuka a tsakiyar waƙa.

Da farko da wasa aka ɗauki abin. Wata kaka ta tare ni a bakin ƙofa ta ce in gaya wa mijina haƙoran da suka rage mata ma rawa suke yi, ya tausaya mata ya bar mata na cin rogo. Mai buga ganga ya ce akwatin Baba Jita ya fi mu ibada, mu mukan zauna shi kuwa kullum a tsaye. Shugaban mawaƙa, zan kira shi Malam Dauda, ya yi masa magana a hankali, ya ce Baba a mayar da shi yadda yake, ya fi daɗi a kwance. Maigidana ya ce shi a tsaye ya fi jinsa. Malam Dauda ya ce ai ba don kansa yake kaɗawa ba, don jama'a ne. Daga nan aka shiga abin da aka shiga, ranar Asabar wajen gwajin waƙa a kwantar, Lahadi da safe shi ya riga kowa zuwa ya tsayar. Har ta kai ya ɗora shi a kan ɗan benci, ya kuma ƙara murya. Maganar wasa ta ƙare, aka koma cewa tsufa ya zo masa da girman kai, yana so a ji shi ya danne matasa.

Ni kaɗai na san ba haka ba ne, kuma ba shi ya gaya mini ba. Na ga yadda rediyo ke ƙara ƙarfi a gidan nan, na ga yadda yake kallon bakina idan ina magana ba idona ba, idan yara suka yi dariya shi ma sai ya yi, amma a makare. Wata rana da hantsi yana zaune a tsakar gida ya ba ni baya, farantin ƙarfe ya suɓuce daga hannuna ya faɗi a siminti, kaji suka watse, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya lafiya. Shi bai ko waiwayo ba. Na tsinci farantin na sake wankewa. Sai bayan ya ci abinci na zauna a gabansa inda zai ga bakina, na ce Baban yara, kunnenka ne ya sa kake tsayar da akwatin nan ko? Ya ture kwanon gefe. Sannan ya ce na dama ya tafi, na hagu saura kaɗan, idan akwatin yana kwance sautin ta wajen ƙafafunsa yake wucewa, ba ya jin komai sai gurnani, kamar yana kaɗa jitar wani a wani gida.

Na ce to mu gaya wa Fasto mana, ai ciwo ba zunubi ba ne. Ya ce in ba shi Littafi Mai Tsarki, na ɗauko, ya sa na ɗora hannuna a kai. Ya ce, "Gara su ce ina da girman kai da su ce wayyo Baba. Mai girman kai ana faɗa da shi. Wanda aka ce wa wayyo kujera ake ba shi ya zauna. Ki yi mini alkawari ba za ki faɗa ba." Na yi. Ban tsaya tunani ba, fuskarsa kawai na kalla. Na yi masa zancen asibiti ya ce za a je, har yau ana zuwa.

Lahadin da ta wuce ce ta kawo ni nan. Dattawan ikilisiya sun kira shi sun ce umarni ne, akwati ya kwanta kuma kada a taɓa shi. Ya yi biyayya. Ina zaune a layin zumuntar mata ina kallonsa, waƙar farko ya bi bakin mawaƙa da ido ya samu ya fita, ta biyu ya fara riga su, Malam Dauda yana ta yi masa alama da hannu. Sai na ga ya zare takalminsa a hankali, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan akwatin. Na gane nan take, rawar katakon yake so ya ji a ƙafarsa tunda kunne ya ƙi. Amma abin da jama'a suka gani shi ne dattijo ya take kayan ɗakin Allah da ƙafa, a gaban bagade, bayan an tsawata masa. Sannan a waƙar baiko, wadda ake yi lokacin ba da sadaka, ya sunkuyar da kai yana kallon igiyoyin jitar, mawaƙa suka gama, mai ganga ya tsaya, kowa ya zauna, shi kaɗai ya ci gaba da kaɗawa cikin coci shiru. Wasu matasa suka fara dariya. Wata a bayana ta ce da gangan yake yi. Ni dai ina zaune, zanina kawai nake gyarawa a gwiwa, ban ji kunya ba, ban ji fushi ba, kamar a talabijin nake kallon mijin wata.

Muka kama hanyar gida. Muna shiga ya ajiye jitar ya ce, "Na daɗe ina yi bayan sun tsaya?" Na ce kaɗan ne. Ba kaɗan ba ne.

Washegari Mama Fasto, matar Fastonmu, ta zo har gida lokacin da ba ya nan, ta kama hannuna ta ce 'yata, mun san mutumin nan ba haka yake ba, ko akwai abin da ke faruwa a gida, ko ya fara shan wani abu ne? Na ce babu komai Mama. Ta gaya mini dattawa za su zauna ranar Asabar, kuma yadda ta ji maganar horo ake yi, wato a karɓi jitar, ya koma bencin baya, a hana shi jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci, har sai ya tashi a gaban jama'a ya nemi gafarar raina ikilisiya. An ce ni ma in zo a ji ta bakina. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi zuwa sujada ba, shi ne za a karanta sunansa a coci cikin masu laifi. Na gaya masa, ya ce zai tashi ya nemi gafarar, ba komai. Na ce gafarar laifin da ba ka yi ba? Ko bai ji ba ne ko ya ji, bai dai amsa ba.

Tun ranar nake durƙusawa in yi addu'a, in tashi ban ce komai ba. Ina dafa abinci, ina shara, ina amsa gaisuwa, amma ban san ɗanɗanon abin da nake sa wa a baki ba. Idan na yi magana ranar Asabar na san dattawan nan, ba mugaye ba ne, za su ji kunya, za su wanke sunansa, wataƙila ma su tsayar masa da akwatin na ɗan lokaci, daga baya a yi masa godiya da tafi a miƙa jitar ga yaro, ya zama abin da ya roƙe ni kada ya zama, kuma ta bakina, bayan na dafa Littafi. Idan na yi shiru na cika alkawari, amma zan zauna ina kallo a hukunta shi a kan ƙarya, ni kuma na riga na ce wa Mama Fasto babu komai.

Yanzu haka da nake rubuta wannan yana tsakar gida, bai jona jitar da komai ba, ya ɗora haɓarsa a jikin katakonta don ya ji ta ƙashinsa, yana gwajin waƙar Lahadi mai zuwa. Ba wanda ya ce masa zai kaɗa ranar. 'Yan uwa ku gaya mini, wanda ya san Littafi da wanda ya san aure, ranar Asabar idan suka juyo suka ce Maman yara me kika sani, me zan ce musu? Zai kasance a zaune a gefena, kuma bakina zai kalla.