Lamba Ɗaya, Na'ura Biyu

Laraba, bayan Isha'i, Kura.

Na gano abin da ke katse kwamfutar sikeli a injin casar Alhaji. Kwana uku ina bin waya, ashe ba waya ba ce. Kyamarar bakin ƙofa da kwamfutar, lambar adireshi ɗaya aka ba su a netwok, sai suka riƙa korar juna. Kyamarar kuwa ba a kunna ta sai shinkafa shanshera ta fara shigowa, shi ya sa aka daɗe shiru.

Ni na sa lambar da hannuna bara, ina sauri kar motar Kano ta bar ni. Ban rubuta a ko'ina ba.

Shekaranjiya Alhaji ya yi wa Malam Habu mai awo tas a gaban manoman Bunkure, buhunansu na jibge a rana. Wai shi ke taɓe-taɓe. Dattijon ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Ina tsaye a wurin.

Yau na canza lambar, komai ya dawo. Alhaji ya ce, "Injiniya, mene ne?" Na ce, "Matsalar saiti ce, ranka ya daɗe." Bai ƙara tambaya ba.

Ya kamata in ji kunya. Gajiya kawai nake ji.

Zan hau babur sai Malam Habu ya biyo ni da ledar albasar gonarsa. "Ɗana, ka wanke ni. Allah ya yi maka albarka."

Ga ta can a tsakar gida. Matata Maryam ta tambayi wanda ya bayar, na ce wani ne a wurin aiki.