Sunayen Da Babu A Takarda

Faskari,
16 ga Satumba.

Zuwa ga Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Halimatu da yara. Ya aiki, ya zaman Kano? Mu nan lafiya lau, damina ta yi albarka. Baba yana Mairuwa yana gaishe ka, ya ce ka daina aiko masa da maganin ƙafa, wai ƙafarsa ta fi taka lafiya.

Na zaɓi takarda ne don in na kira ka a waya kai kake cinye maganar. Yaya, ƙungiyarmu ta manoma ta shiga uku. Ka san bana ne karon farko da wata gidauniya ta ƙasar waje ta yarda ta ba mu tallafi hannu da hannu, ba ta hannun manyan ƙungiyoyin Abuja ba. Gwaji ne na shekara ɗaya: irin masara mai saurin nuna, ƙaramin buhu ga kowane manomi, mutum ɗari uku a Kankara da Faskari da Sabuwa. In muka riƙe amana, su ba mu na shekara uku. Ni ce sakatariya, ni na rubuta sunayen, ni na sa hannu.

To, makon jiya ofishinsu ya yi ta kiran manomanmu a waya, ana tambayar kowa ko ya shuka irin gaba ɗaya. Mutanen nan da ba su iya ƙarya ba ko ta kwana ɗaya, fiye da rabinsu suka ce a'a, sun shuka rabi, sun ba da rabi. Da aka ce wa suka ba, sai shiru, wasu ma suka kashe waya.

Yanzu gidauniyar tana zargin a kasuwa irin ya ƙare. Sun dakatar da komai, kuma za su turo jami'arsu farkon Nuwamba. In ba mu kawo sunayen waɗanda aka ba irin ba, babu mu babu tallafi, kuma duk inda muka je neman wani, sunan ɓarayi zai riga mu isa. Ina jin tsoro ƙwarai, ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hussaina.

Faskari,
21 ga Oktoba.

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya jikin Halimatu? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga amsarka, inda ka ce in je in tambayi sunayen kawai. Sannu da dabara, Yaya, sai ka ce ba a nan aka haife ka ba.

Mako huɗu ina bin ƙauyuka a bayan babur, hanyar Sabuwa ta kusa kwance mini ƙugu, kuma ko suna ɗaya ban samo ba. A Kankara na zauna da Goggo Shafa'atu, tsohuwar da ke shugabantar matanmu a can, na yi lallashi, na yi fushi, har kuka na yi. Ta bar ni na gama, sannan ta fahimtar da ni abin da ya kamata a ce na sani tun farko. Waɗanda aka ba irin mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu ne, kamar yadda aka kore mu. Da yawansu manyan manoma ne a da, su ake zuwa roƙon iri wurinsu. Ta ce irin wannan mutum ba a miƙa masa abu a zaure. Matar gida ce ke zuba irin a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta kai wa matarsa kamar an je barka. Wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri a watan shuka, in ji ta, ba zai tona shi a watan girbi don takardar baƙi ba. Ta ce a janye tallafin, ita dai bakinta ba zai faɗa ba.

Ina jin haushinta, kuma ina jin kunyar haɗa ido da ita.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa a gida ba. Da na dawo na ce wa shugabanmu, Malam Gide, mu ƙirƙiri sunaye mu huta, ai ba wanda zai bi daji ya tantance. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce in rubuta wa gidauniyar abin da ya faru yadda ya faru, cewa an raba irin, ba mu san da wa ba, kuma ba za mu tilasta wa kowa ya faɗa ba. Na rubuta, na aika, ina ji a raina da hannuna na rufe ƙofar ƙungiyar nan.

A gaida yara.
Ƙanwarka,
Hussaina.

Faskari,
9 ga Nuwamba.

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa yana lafiya. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Jami'ar ta iso ranar Laraba da hantsi, sunanta Malama Nana Khadija, mace mai natsuwa, ba ta da yawan fara'a. Muna cikin ofis tana nuna mana cewa ita ba ta ƙi bayaninmu ba, amma magabatanta ba sa aiki da labari, sai na ji kamar motsin kasuwa a waje. Na leƙa. Yaya, tun daga bakin ƙofa har bayan masallacin unguwa mutane ne a jere, maza da mata, kowa da 'yar masararsa a buhu ko a kwano. Babu hayaniya, babu turereniya. Ba wanda ya kira su. Labari ne ya bi kasuwanni cewa za a kira ƙungiyar nan ɓarauniya saboda an rufa musu asiri, shi ne suka taso daga Sabuwa da Kankara da Mairuwa su tona da bakinsu.

Aka fito da tebur, aka ba ni biro. Kowa ya zo ya faɗi sunansa da garin da aka kore shi, ya ajiye masarar da irin ya haifa. Akwai dattawan da na san a da ba a shiga gonarsu a ƙafa a zagaye ta a wuni ɗaya. Ko mutum ɗaya bai faɗi wanda ya ba shi ba, ita ma jami'ar bayan mutum na goma ta daina tambaya. Ta cire tabarau ta tsaya kawai tana kallo. Ban taɓa ganin girma irin na ranar nan ba.

Ina cikin rubutu kaina a sunkuye, sai na ji muryar da na fi sani a duniya tana faɗin sunan kakanmu da sunan ƙauyenmu. Baba ne, Yaya, da babbar rigarsa ta Juma'a, riƙe da kwanon masara. Ashe bana ba shi da ko ƙwayar iri, kuma bai gaya mana ba. Ni da ke raba iri ga mutum ɗari uku, wani ne can ya rufa wa mahaifina asiri. Na tsayar da biro ina kallonsa. Ya ce in rubuta da kyau yadda baƙuwa za ta iya karantawa, ya ajiye kwanonsa, ya ba na bayansa wuri.

Jiya saƙon gidauniyar ya zo. Sun amince da shekara ukun, kuma daga baɗi kowane buhu zai zo da ƙarin tiya guda wadda ba za a nemi sunan kowa a kanta ba.

Roƙona ɗaya ne. Kada ka kira Baba da wannan magana, kada kuma ka aiko masa da komai yanzu. Ka zo da kanka ƙarshen wata, za a yi tuwo da masarar nan. Ka ci, ka nemi ƙari, ka ce masa gonarsa ta yi kyau bana.

Allah ya kawo ka lafiya.
Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Hussaina.