An Kashe Ka da Jan Biro

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da jaririyar da har yau hotonta kaɗai muka sani. Allah ya raya ta, ya sa aikin da ya ɗauke ka daga gida ya zame maka alheri. Mu nan sai godiya. Baba yana zuwa shago kullum, gwiwar ce dai ba ta barinsa ya daɗe a tsaye yana yankan katako. Yaya Babba ta sauka lafiya, namiji, mai ƙaton kai irin naka. Inna kuwa zancenta yana tafe.

Yaya, nemi wuri ka zauna: ka mutu. Ba ni na faɗa ba, ofishin rajistar zaɓe na ƙaramar hukuma ne ya faɗa, kuma a rubuce. Ranar Litinin ta makon jiya aka liƙa sunayen masu zaɓe na mazaɓarmu a bangon ofishin, kowa ya duba nasa. Na je ganin nawa, tunda bana na fara yin rajista. Yana nan. Na bi da yatsa na ga na Baba, na ga na Inna, sai na zo kan naka na tarar an ja masa layi da jan biro, a gefe an rubuta "ya rasu". Wata bakwai ba mu ji ɗuriyarka ba, wayarka kullum a kashe, me kake so in zata? Sai da na samu direban nan maƙwabcinmu ya rantse mini cewa ya gan ka kwana biyar da suka wuce, har tumbi ka ajiye, sannan na yarda kana raye. Shi zai miƙa maka wannan takarda.

Ka san wa na tarar a kan teburin rajistar? Abokin karatunka, dogon nan mai ƙaton agogo, wanda ya ƙare makaranta da leƙen takardarka. Jan-Biro muke ce masa yanzu. Na tambaye shi yaushe ka mutu ba a gaya mana ba. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce ya bi gida-gida yana tantance sunaye, ya samu Inna a bakin ƙofa, ya tambaye ta kai, ta ce ai wannan mun rasa shi tun bara. Wai abin da ya ji ya rubuta, uwa ba ta yi wa ɗanta ƙaryar mutuwa, kuma da ya ce Allah ya ji ƙansa ai amin ta ce. Na ce masa jin ƙai ko mai rai yana so, shi ma na roƙa masa, don yana bukata fiye da kai. Nan ya ajiye biron ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yaushe mai sharar garin katako ya fara karanta allon hukuma, in je in kira wanda ya yi makaranta ya karanta mini. Masu bin layin duba suna suka yi dariya. Ban zage shi ba, Yaya, ka yaba mini, amma dariyar nan ban yafe ta ba.

Na koma gida na tambayi Inna. Ta ce ƙwarai yaron ya zo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ina abokinsa, ita kuma ta yi masa ƙorafi irin nata: mun rasa shi, ba waya, ba takarda. Ka san kunnenta na hagu; ta ɗauka addu'a yake yi maka. Da na gaya mata abin da aka yi da maganarta, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta shiga ɗaki. Tun ranar ba ta cin abin kirki. Cewa take bakinta ne ya binne ɗanta, kuma magana irin wannan idan ta hau takarda tana neman ta tabbata. Mun yi lallashin duniya, ta ce sai ta taɓa ka da hannunta. Ta hana in gaya maka, ga shi na gaya.

Da kai kaɗai ne da sai in ce kuskure ne. Washegari na koma da fensir na kwafe duk sunan da aka soke. Goma sha tara ne, goma sha huɗu daga layin shagunanmu. Mai walda an rubuta masa "ya tashi", alhali ƙarar injinsa har cikin ofishin ake ji. Tela kuwa matarsa ta ce ya fita, aka rubuta ya bar gari. Haka ya bi tsofaffi da mata yana tsintar kalma a bakinsu yana lanƙwasa ta. Kai ba ka nan lokacin da Kansila ya sa aka shafa wa shagunanmu jan fenti, ya ce bayan zaɓe za a rushe layin a mayar da mu bayan juji, inda ko sandar wuta babu. Shekara talatin Baba yana wannan rumfa. Wancan zaɓen da ƙuri'a tara Kansila ya ci. Yanzu ka gane wanda Jan-Biro yake wa aiki?

A bakin ƙofar ofishin akwai wani ɗan littafin ƙa'idoji da aka rataye da zare, ba mai buɗe shi sai ƙura. Na tsaya a rana na karanta shi sau uku, yadda na koyi karatun a tsofaffin littattafanka, ina haɗa baƙi da baƙi. Ya ce wanda aka soke ya zo da kansa da katin shaidarsa kafin a rufe gyara, kuma ma'aikacin da ya soke shi ne zai mayar da shi da hannunsa, a gaban shugabar ofis, ya rubuta dalili ya sa hannu. Ranar Alhamis na kwashi mutum goma sha uku da kayan aikinsu a jiki, na jera wa Jan-Biro su. Mai walda ya ce masa ya yi haƙuri da ya makara, daga inda ya tashi yake, tafiyar taku arba'in ce. Sau goma sha uku ya rubuta "kuskurena ne", gumi yana ɗiga a kan agogon. Ban ƙifta ido ba.

Amma bai ishe ni ba. Shugabar, wata mata mai tabarau da ba ta son yawan magana, ta ce kuskuren tashi daga gida yana faruwa, amma rubuta mai rai a matacce wani abu ne daban, idan ya tabbata to ya bar wannan teburin ke nan, kuma za a sake bin duk sunan da ya taɓa. Ta ce in kawo mata mamacin ta gani. Shi kuma yana ta baza wa mutane cewa ba za ka zo ba, wai ya san ka, wanda ya manta uwarsa ba zai tuna ƙuri'a ba. Wannan maganar ta fi ƙona ni. Baba cewa yake in bar shi da Allah. Na ce na bar shi, amma ina so in ga abin da Allah zai yi masa da idona.

Ranar Alhamis mai zuwa ƙarfe huɗu ake rufe gyara. Direba zai juyo ranar Talata, ya ce kujerar gaba taka ce. Ka nemi izini a wurin aiki, ka ce musu rasuwa aka yi a gida, ba ka yi ƙarya ba. Ka taho da katinka, kada ka gaya wa kowa. Ka fara shiga wurin Inna ta taɓa ka ta ci abinci, sannan mu tafi ofishin tare. Ba na son ka yi faɗa, wannan aikina ne. Ka yi sallama kawai, ka miƙa wa Jan-Biro hannu a gaban shugabar, ni kuma ina gefe ina kallon fuskarsa. Wanda za mu zaɓa kuwa, ko tsintsiya aka tsayar gaban Kansila ita zan dangwala wa.

Baba yana gaishe ka, ya ce ka zo masa da man shafawa na gwiwa. Yaya Babba da mijinta, Kawu, Gwaggo da duk 'yan layi suna gaisuwa. Ka gaishe mini da matarka, ka ce ta yi haƙuri na kwana uku, ka shafa mini kan jaririya. Allah ya kawo ka lafiya. Idan huɗu ta buga ba ka iso ba, ka sani kai ka sa masa hannu a kan abin da ya rubuta, kuma ni ba zan iya shiga ɗakin Inna in gaya mata ba.

Ni ne ƙanenka mai baki,
Auta