Rawar Sitiyarin Motar Sani

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, ya jikin Hajara? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ka tambayi yadda ƙanenmu Sani ya rasu. Sitiyarin motarsa ya daɗe yana rawa. Mai garaji ya ce mini ya liƙa wa motar na'ura mai jin girgiza, ta nuna tayar gaba ta ci gefe guda. Ka san taurin kan Sani. Dariya ya yi, wai kowace mota rawa take a hanyar Takaya. Ran kasuwa ya yi lodin gero, tayar nan ta fashe.

Ka sa shi cikin addu'a, ka gaida yara. Inna ba ta san zancen na'urar ba. In ka kira ta, bar ta ta ci gaba da tsine wa hanya.

Ƙanenka,
Isuhu