An ce turaren wutana ne ya hana gidanmu sayuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, mutanenmu a nan ba su da yawa, kowa ya san kowa. Shawara na zo nema, ku taimaka min da ita saboda Allah, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, da girmana na koyi riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci, ban iya gajarta magana ba.

Shekara ashirin da uku ke nan muna zaune a wani gida a Upper Marlboro a nan Amurka ni da maigidana. Injiniya ne, bara ya yi ritaya. Yara uku duk a gidan suka girma, yanzu kowa ya kama gabansa, saura mu biyu a ɗaki huɗu. Sai Alhaji ya ce a sayar da gidan mu koma Katsina, na ce to, Allah ya sa hakan ne alheri. Ya kawo dillaliya, wata baƙar fata 'yar ƙasar nan mai fara'a, ta zagaya ta ɗauki hotuna, suka zauna a falo suka yi ta Turanci, aka miƙo min takarda na sa hannu tunda akwai sunana a takardar gidan. Ban tambayi nawa aka sa wa gidan ba, ban saba tambayarsa kuɗin abu ba. Aka kafa allon sayarwa a ƙofar gida.

Ga inda na yi kuskure, ba zan ɓoye ba. Dillaliya ta ce duk ranar da masu dubawa za su zo mu ɗan fita mu ba su wuri. Alhaji yana fita abinsa, amma ni abin ya yi min nauyi, yaya za a yi mutum ya shigo gidana ya tarar ba wanda zai ce masa sannu da zuwa? Sai in share gida, in kunna turaren wuta, in ajiye zoɓo mai sanyi da cincin a kan tebur, in roƙe su su cire takalmi saboda a kan kafet ɗin muke salla. Wata rana wasu mata da miji suka zo, matar da tsohon ciki, ta sha zoɓo har kofi biyu. Mijin ya tambaya ko ruwa yana shiga ɗakin ƙasa, wato na ƙarƙashin gidan, na ce ya taɓa shiga shekara huɗu da suka wuce amma an gyara, har na nuna masa wurin. A islamiyya an koya mana ba a ɓoye aibin abin sayarwa.

Aka yi wata biyu shiru. Daga nan Alhaji ya fara. Ya ce na mai da gidan sayarwa gidan suna, wai wane Bature ne zai zuba kuɗinsa a gidan da ke tashin hayaƙi da daddawa, ga tsohuwa tana bin sa ɗaki ɗaki tana nuna masa inda ya taɓa yoyo. Da a tsakaninmu ya tsaya da na haɗiye. Amma a wajen wata walima a Silver Spring ya faɗa wa abokansa suna dariya, kafin a tashi maganar ta shigo wajen mata. Wata ta ce ga Hajiya mai korar kwastoma. Wata kuma ta dafa ni ta ce Hajiya in ba kya son komawa gida ai sai ki fito fili ki faɗa, ba sai kin bi ta bayan fage ba. Na yi murmushi kawai, amma tuwon da ke gabana ban iya ƙarasa shi ba.

Ni kaina na yarda laifina ne. Don haka da ya ce in koma wajen babbar 'yata a Silver Spring na sati biyu kafin a sayar, sai na haɗa jaka. Aka yi wa gidan sabon fenti, aka wanke kafet, aka sauke ayoyin da ke bango da hotunan yara, dillaliya ta kawo furen roba ta jera. Shi yana kwana a can. Ni ina ɗakin jikoki a kan katifa a ƙasa, a gidan suruki, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Yau sati tara ke nan. Allon yana nan inda yake.

A zaman nan ne na fara sauraron mutane, kowa da dalilinsa. Mijin 'yata ya ce kuɗin ruwa ne ya yi tsada a banki shi ya sa mutane ba sa saye. Wata ƙawar 'yata ta ce ma'aikatan gwamnati ne ke tsoron rasa aiki, ba mai ɗaukar nauyin gida yanzu. Wata dattijuwa ta bugo min waya ta ce baki ne aka yi wa gidan, a nemo rubutu a yayyafa. Alhaji kuma ya ce ni ce.

Duk Alhamis 'yata tana sauke ni a gidan in ba yakuwa da tattasai da na shuka a baya ruwa. Idan na gama sai in ɗan taka a layinmu, ina kallon gidajen da su ma aka kafa wa allo, ina rubutawa a ɗan littafin da nake ajiye lambobin waya. Na farko gidan wasu tsofaffin Turawa ne, allonsu ya riga namu, ba su san turaren wuta ba, ba su san daddawa ba, har yanzu yana nan. Na biyu masu shi sun gaji sun cire allo sun zuba 'yan haya. Na uku na kan kwana, girmansu ɗaya da namu, karnuka biyu ne a ciki, ko ta ƙofa ka wuce kana jin ƙarninsu, amma an saye shi. Na tambayi maƙwabciyarmu yadda aka yi, ta ce sau biyu suka rage kuɗi, a na biyun ko sati biyu bai ƙara ba.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na zauna na auna. In turarena ne, sati tara ba a kunna shi ba, me ya hana a saya? In baki ne, su tsofaffin Turawan nan wa ya yi musu? In kuɗin ruwa ne kaɗai, wanda ya sayi gidan karnuka ba bankin ƙasar nan ya je ba? Na faɗa wa mijin 'yata haka, ya ce Umma kuɗin ruwan gaskiya ne, ya rage masu saye kuma ya rage abin da za su iya bayarwa, sai dai wanda ya sauko ya same su inda suke yana sayarwa, wanda ya tsaya a farashin da yana zaune. Na ce to namu a ina ya tsaya? Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ba zai iya yi wa Baba wannan maganar ba.

Na gwada da kaina, a hankali, bayan na kai wa Alhaji abinci. Na ce Alhaji sati tara ba na nan kuma shiru. Ya ce ai na riga na ɓata wa gidan suna, duk wanda ya duba a intanet ya ga ya daɗe sai ya ɗauka akwai matsala. Wato ina nan ni ce, ba na nan ma ni ce.

Alhamis ɗin da ta wuce ina ban ruwa sai ga dillaliya ta zo canja takardun da take ajiyewa a kicin. Turancina ba yawa amma ina fahimta. Na ce mata ta yafe min, na ɓata mata kasuwa. Ta tsaya tana kallona, ta ce wa ya gaya min haka? Ta ce gaskiya ne an fi son mai gida ya fita, amma maganar ruwan ɗakin ƙasa ko ban faɗa ba tana cikin takardar da aka ba su. Ta ce tun ranar farko ta gaya wa Alhaji abin da gidan zai yi a kasuwar yanzu, ya ƙi, ya ɗora dala dubu sittin a kai, sau uku tana roƙonsa ya rage. Sannan ta faɗi abin da ya sa na zauna a kan matakala. Matar nan mai ciki da mijinta, waɗanda na ba zoɓo, sun taya gidan tun a sati na uku, ina cikinsa, da turarena da komai. Abin da suka bayar ya kusa kai abin da ita ta faɗa tun farko. Alhaji ya ce a'a. Ta ɗauka na sani.

Na san dalilinsa ko bai faɗa ba. Yana da aboki tun suna sakandare, wanda ya sayar da gidansa a Manassas lokacin da mutane ke rububin gidaje bayan korona, har ana ƙara masa a kan abin da ya nema. Duk haɗuwa sai ya ba da labarin. Alhaji ba zai iya zama a gabansa ya ce nasa bai kai ba.

Kuɗin ba su dame ni ba wallahi, gidansa ne, guminsa ne, in ya ga dama ya jira shekara. Abin da ke cin raina shi ne ranar walimar nan da ya sa aka yi min dariya, ya riga ya san an taya, ya san ba ni ba ce. Ya kalle ni ina haɗa jaka, har ya riƙe min ita zuwa mota. Shekara talatin da huɗu da aure ban taɓa ɗaga masa murya ba, ashe shi ya sa ya ga ni ce mai sauƙin ɗora wa.

'Yata ta ce za ta je ta same shi, na hana ta, ba na son ta yi wa ubanta rashin kunya saboda ni. In na yi masa magana zai ce na zagaye shi na je wajen dillaliya. In na kai wa wani babba a cikin abokansa, na tona masa asiri a wajen mutanen da yake jin kunyarsu. In na yi shiru, sanyi ya kusa shigowa, an ce a lokacin ne kasuwar gida ta fi mutuwa, ina nan a katifar jikoki da sunan mai korar kwastoma har Allah ya yi ikonsa. Ga wata walimar suna ranar Lahadi, matan nan duk za su zo.

Don Allah ku gaya min abin da ya dace. Kaskon turarena yana cikin jakata tun ranar da na fito, ban ciro shi ba. Zuciyata tana ce min jibi Alhamis in tafi da jakar gaba ɗaya, in ba yakuwata ruwa, in shiga falona in kunna shi in zauna, idan ya shigo ya tambaya in ce masa matar nan mai ciki fa, nawa suka taya? In yi, ko in ci gaba da haƙuri?